Kuɗin Kwana a Ɗakin Zaure

Zuwa ga autana Sa'adu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Khairiyya da yara can Fatakwal, Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan Goronyo lafiya lau. Ƙafar kawunka Mode ta yi sauƙi, har fadama yana zuwa, albasa kuwa bana sai godiya.

Saƙonka ya iso, na ji faɗan da kake yi a kan ɗakinka na zaure da muke ba baƙi haya. Ka ce don mi masu sayen albasa da ke kwana biyu su wuce suke biyan dubu biyar kowane kwana, shi kuwa Malam Isa mai gyaran injin ban-ruwa, da ya yi wata biyu, yake biyan rabi. Har ka ce an yaudari tsohuwa. Kai Sa'adu! Shekara talatin ina koyar da lissafi a firamare, ni za a yaudara?

Ni ban iya in ga mutum ya ajiye jaka gidan ubanka in miƙa mashi makulli kurum ba. Ko da kuɗinshi ya zo, baƙo ne, kwana ukun farko kuma haƙƙinshi ne: fura da nono daga wajen Habi mai nono, a yanka zabo, a kai ruwan wanka. In ya tafi, ni da yayarka Adawiyya mu wanke zannuwan gado, mu share, mu sa turare, ɗaki ya zauna ba kowa, sai wani ya zo a sake daga farko. Watan da ya gabaci zuwan Malam Isa zabi huɗu sunka tafi haka. Malam Isa zabo guda ya ci. Ran kwana na huɗu ya zama ɗan gida, tuwon da munka ci shi yake ci, shi ke jan ruwanshi, har ƙyauren nan da ya shekara yana ƙara ya gyara. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni, shi ya lura hantsi ya yi ban fito ba, ya kira Adawiyya. Mai kwana biyu ko sunana ba ya riƙewa.

To ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ka ce a gyara maka ɗakin da Babbar Salla, za ka kwana biyu ka koma. Shekara huɗu ke nan haka kake mini. In yanka maka zabo, kafin in ƙoshi da ganin fuskarka ka ɗauki jaka. Wallahi abin yana yi mini ciwo, na gaji da tarbar ɗana kamar baƙo. Ka nemi hutu, ka zo da yaran, ku wuce kwana ukun nan, in aike ka kasuwa, in yi maka faɗa, ka ci ɗumame. In kuwa kwana biyun ne, to dubu biyar kowane kwana, ba ragi.

Ka gaida Khairiyya, da Musaddiq, da takwarata. Kawunka Mode da Adawiyya suna gaishe ka. Na riga na ba Malam Isa haƙuri, ya nemi masauki a Taloka. Wata guda cur ba zan ba kowa ɗakin ba, ko ka zo ko ba ka zo ba.

Mahaifiyarka,
Suwaiba