Shafin da Ba a Ninke Ba

Ranar Asabar

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Inna tana gaishe ka, ƙafar ta yi sauƙi. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san inda karatuna ya tsaya. Na kira wayarka sau shida ba ka ɗauka ba, shi ya sa na ba direban ofishinku wannan.

Ina so in faɗa maka abin da na gani ranar wata Talata da safe, yau kusan sati uku. Na zo ofishinku ban ruwan furannin tukwane kamar yadda na saba. Ƙofarka a buɗe take, kana tsaye bakin tebur da takardun sa hannun mutanen unguwa da na kawo maka. Ka sa farce ka ɓamɓare ɗan ƙarfen da ya riƙe su, har ya soke ka, ka tsotsi yatsa. Ka zare shafin farko ka jefa a aljihun tebur, ka ɗauko wani ka ɗora a sama ka maƙale. Na ce maka ina kwana, ka ce in kula kar ruwa ya zuba a kafet.

Ban kawo komai a raina ba. Na ce ƙila gyaran rubutu ne, aikin masu ilimi.

Yaya, kai ka zo lambu da ƙafarka ka same ni ina aske ciyawa. Ka ce hukuma tana tsara shirin shekara goma na wuraren shaƙatawa da wasanni da kayan tarihi, kuma lambun da mutanensa suka sa hannu shi za a fara gyarawa. Da bakinka ka karanta mini shafin farko: a gyara famfo, a yi wa dandamalin 'yan wasan kwaikwayo rufi, a sa sabuwar raga a filin ƙwallo. Ka ce ni zan zaga da takardar, don ni suka sani. Kwana goma sha ɗaya ina zagawa, na samu mutum ɗari biyu da arba'in da uku. Inna ce ta fara dangwala yatsa, tana cewa Baba zai ji daɗi a kabarinsa, tunda shi ya dasa mangwarorin nan.

Jiya aka kafa allo a bakin lambu. Alƙalin wasa ya tsaya da usur ɗinsa a wuya ya karanta wa jama'a. Wai mutanen unguwa sun amince a tashi lambun a mai da shi bayan gari, a gina zauren taro da wurin ajiye motoci a nan. Wai mutum ɗari biyu da arba'in da uku suka amince. Kowa ya juyo yana kallona, ina riƙe da tiyo ruwa yana zuba a takalmina.

Ina jiran in ji daga bakinka tukuna. In kuskure ne, ka faɗa mini yadda zan yi musu bayani.

Ka huta lafiya.
Ƙaninka, Auta

Ranar Litinin

Auta,

Wa alaikumus salam. Saƙonka ya iso ni. Ina fatan ana ba Inna maganinta a kan lokaci.

Da farko, ka daina aiko mini da irin wannan magana ta hannun direba. Na biyu, abin da ka gani ba abin da kake zato ba ne. Tsara birni ba aske ciyawa ba ne. Wannan shiri ya ɗauke mu shekara biyu, kuma ba unguwarku kaɗai ya shafa ba. Garin nan duk faɗinsa ba shi da zauren da mawaƙa da masu zane da 'yan wasan kwaikwayo za su nuna aikinsu cikin mutunci. Wannan dandamali da kake kuka a kai, katako ne da gara ta cinye. Sabon lambun da za a yi ya ninka naku sau biyar, da filin ƙwallo biyu da wurin wasan yara.

Ƙa'ida ta ce sai da amincewar mazauna wuri. Na san mutanenmu. Da na kawo musu zancen tashi, ko karantawa ba za su bari a gama ba. Shekara ashirin nan gaba 'ya'yansu ne za su gode mini. Wani lokaci sai an riƙe wa mara lafiya hanci yake shan magani.

Kuma ban manta da kai ba. Na sa sunanka a matsayin shugaban masu kula da sabon lambun, da mutum shida a ƙarƙashinka. Baba ya yi shekara talatin da baro bai samu wannan ba.

Ranar Alhamis ta sama majalisa za ta zauna ta tabbatar da shirin. Kafin nan, duk wanda ya tambaye ka, ka ce kai an aike ka ne, ba ka san abin da ke ciki ba. Surutu ne na kwana biyu, zai wuce.

Ka gai da Inna. Kada ka ɗaga mata hankali da wannan.
Yayanka

Ranar Laraba

Zuwa ga ɗana Auta,

Sallama da gaisuwa. Ya aiki, ya fama da tsuntsaye masu cin mangwaro? Maƙwabciyata nas ce take rubuta mini, in ka ga rubutun ya yi kyau kar ka ce na koma makaranta.

Yayanka ya zo mini jiya, ya zauna ko ruwa bai sha ba. Ya rame, wuyan rigarsa har yana yawo. Ya ce manyansa sun sa shi gaba, in shirin nan ya faɗi kujerarsa ta tafi. Ya ce in ja maka kunne, to ga shi ina ja.

Kai Auta, tun kana ƙarami ka fi jin maganar bishiya a kan ta mutum. Bishiya dai ba ita za ta ɗauki gawarka ba. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, kuma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ciki ɗaya kuka fito. In ka tona shi, wa ka tona?

Amma kar ka ce na goyi bayansa duka. Ni ma na dangwala, kai ka kawo mini har ɗaki, ina shafi na huɗu kusa da mai wankin mota. Na tambayi yayan naka, na ce, “Kai, yatsan nawa ma da shi ka haɗa?” Sai ya hau duba agogo. Na ce Allah ya shirya. Iyakar abin da na iya ke nan, ni ƙanwar uba ce, ba alƙali ba.

Ka yi haƙuri irin naka da aka sani. Allah ya yi muku albarka, ya haɗa kanku.
Gwaggonka

Ranar Lahadi

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina gai da Anti da yara. Wannan da hannuna na ba mai gadin gidanka, tunda ka hana direba.

Na ga amsarka, na ga ta Gwaggo. Na sa a raina ba zan yi magana ba sai na ga sabon wurin da idona, kar in zalunce ka. Jiya na je. Mota biyu na hau, sannan na taka kamar rabin awa. Gaskiya ne yana da faɗi. Na tafi da ƙaramin shebur, na haƙa wuri uku, tsawon hannu sai dutse. Babu famfo, babu rijiya. Ana iya dasa bishiya a can, amma wanda ya dasa ba shi zai zauna a inuwarta ba. Tsofaffin da ke zama a bencin bakin ƙofa da sandunansu, wace mota za su hau? Matar nan mai kawo ɗanta a keken guragu kullum da yamma fa?

Ka ce surutun kwana biyu ne. Bari in faɗa maka yadda kwana taran suka kasance. Shugaban 'yan wasan kwaikwayo ya zo ya karɓe makullin akwatin kayansu da ke hannuna shekara bakwai. Bai zage ni ba, cewa ya yi, “Kawo, ranka ya daɗe, kar a wayi gari mun amince an sayar da rigunanmu.” 'Yan ƙwallo in na wuce da baro sai su ce, “A buɗe hanya, ga mai biro.” Tsohon da ya koya mini ɗaure reshe bayan rasuwar Baba, na gaishe shi sau uku yana kallon ƙasa. Inna ta ji a bakin masu ɗiban ruwa. Tun ran nan ta daina tambayata labarin lambu in na dawo.

Ka ce in ce ban san abin da ke ciki ba. Yaya, na sani. Sai da na haddace shi kafin in fita, gida gida ina maimaitawa, famfo, rufi, raga. In na ce ban sani ba na yi ƙarya, in na yi shiru na zama wanda ya yaudare su.

Abin da ya fi ci mini rai, ko ƙofa ba ka tura ba. Ka gan ni tsaye da bokiti ka ci gaba da abinka, don ka san ko na leƙa ba zan karanta da sauri ba.

Amma akwai abin da ba sai da karatu ba. Takardun nan a aljihun rigata suka yi kwana goma sha ɗaya, a ninke gida huɗu. Kowane shafi yana da layin ninki da dattin hannuna, na uku ma ruwa ya taɓa gefensa. Wanda ka ɗora fari ne tas, miƙaƙƙe kamar an goge shi. Kuma sauran suna da hudar ƙarfe biyu biyu, shi ɗaya gare shi.

Ba na son shugabancin mutum shida. Ka mai da shafin farko inda yake kafin Alhamis, ka faɗa wa majalisa gaskiyar abin da mutane suka roƙa. In shirinku mai kyau ne, ku zo lambu ku faɗa musu, ni zan jera kujeru. Duk yadda ka ga dama ka ce, ko ka ce takardu ne suka cakuɗe, ba zan ƙara kalma ba.

Ina jiran amsarka. Ka huta lafiya.
Ƙaninka, Auta

Ranar Talata

Auta,

Na karɓi takardarka. Shafin da kake magana babu shi, kuma abin da aka miƙa wa majalisa hoton takardun ne, ba a ganin ninki a hoto.

Ka saurare ni da kyau. In ka tashi a gaban jama'a ka ce an canza wani abu, tambayar farko da za a yi ita ce wa ya zaga da takardar. Kai ne. Sunana bai fito ko a shafi ɗaya ba. Ni ne nake tare maka har yanzu, ba ka sani ba. Maganar mai ban ruwa ce za ta kara da ta jami'in da ya shekara goma sha biyar a aiki, kuma kai kaɗai ka ce ka gani. Ka yi wa kanka faɗa, ka tuna Inna.

Ranar Alhamis ka zauna a gida.
Yayanka

Ranar Laraba

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka. Na tuna Inna. Na zaunar da ita na faɗa mata komai. Da na gama, ta ce in wanke farar rigata.

Gobe zan zo zauren majalisa, zan zauna a baya. In ka tashi ka gyara da bakinka, zan fita ba wanda ya ji muryata. In ba ka tashi ba, zan ɗaga hannu in roƙi a kawo takardun na asali.

Ka ce ni kaɗai na gani. Ban so in kai nan ba, shi ya sa ban faɗa ba tun farko. Mai shara tana goge gilashin tagarka ta waje, ta gani. Mai gyaran injin hoton takardu yana tsugune bayan kabad da sukudireba, shi ma ya gani, shi ka ce ya miƙo maka abin maƙalawa. Dukansu na same su, sun ce in an tambaye su ba za su yi ƙarya ba.

Ta ukun ban same ta ba, ita ta same ni. Ka manta tabaranka a gida ran nan, aka biyo ka da shi. Tana tsaye a bayana a bakin ƙofa tun kafin ka tsotsi yatsa, ta ba ni tabaran ta ce in ajiye maka, ta juya. Anti ce.

Ka huta lafiya.
Ƙaninka, Auta