Wuƙa ta Shida a Bokiti

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, da yara da ɗalibanki. Ya ciwon bayan nan?

Hankalina ba a kwance yake ba. Mahauta sun sake dawo wa maigidan da wuƙaƙe, wai ba sa riƙe kaifi. Ya ce hannunsa ne ya mutu, zai rufe maƙerar ya tafi aikin gini can nesa. A littattafan da nake karantawa, matar kuka take yi, mijin ya fasa tafiya. Na gwada. Hankici ya miƙo mini, ya ci gaba da haɗa jaka.

Jiya na kai masa abinci, na zauna ina kallo. Wuƙa ta fito jajur, ya tsoma a bokiti, ya ɗauko wata. Bayan ta shida na taɓa ruwan, ba shiri na janye hannu. Sai na tuna karatunki: zafin da ƙarfe ya rasa ba ɓacewa yake ba, ruwa ke ɗauka. Na lissafa a bangon wani littafin soyayya: ƙarfe rabin kilo mai digiri ɗari takwas, ruwa lita biyar. Kowace wuƙa tana ƙara wa ruwan kusan digiri takwas. Yaya ruwan zafi zai taurara ƙarfe? Duba mini kafin in buɗe baki, kin san a aji ni 'yar baya ce.

Ki gaida mutan gida.
Autarku

Yaya,

Ina gaisuwa. Amsarki ta iso cewa lissafina daidai ne, na gode.

Da na faɗa masa dariya ya yi, wai yaushe mai karatun soyayya ta zama maƙeriya, ai da bokitin nan babansa ya tsufa. Na tambaye shi wuƙa nawa baban nasa ke yi a yini. Uku. Shi kuwa goma sha biyu. Sai ya fita ya aro babban durom, ya cika shi da ruwa.

Sati biyu ke nan, ko wuƙa ɗaya ba ta dawo ba. Jakar tana ƙarƙashin gado, babu kaya a ciki.

Ɗazu ya tsaya a ƙofa, ga alama ya tuna faɗan da ya sha sauke mini a watan nan. Ya ce, “Ke fa, wuƙa nawa na tsoma miki?”

Na ce ban ƙirga ba. Amma Yaya, na ƙirga. Daɗin da na ji, ya tambaya.

Taki,
Auta