Ciwon da Na Ɗora wa Lami

Litinin, 16 ga Yuni, 2025
Jinin ya sake dawowa. Shekara huɗu da ɗaukewar al'adata. Sallata nake tunani: in yi ko in dakata? Ban faɗa wa kowa ba.

Laraba, 18 ga Yuni
Tun bara autata Nafisat ta saka min manhajar wani asibiti a waya, saboda hawan jinina. Ta ce ba mutum ke amsawa ba, na'ura ce, sai abu ya yi tsanani take haɗa mutum da likita. Bayan la'asar na rufe ɗaki na rubuta wa na'urar. Wallahi ita ma kunyarta na ji. Sai na ce ba ni ba ce, maƙwabciyata ce Lami, tana tambaya ko za ta yi sallah a haka.

Ta ce hukuncin sallah na malamai ne, ita kuma ba likita ba ce, amma irin wannan jinin ba a zama da shi, a ga likita cikin makon nan. Sai ta tambaya: Lami ta yarda a rubuta sunanta da ciwonta a nan?

Na kife wayar. Astagfirullah. Na'ura ta san amana, ni da na sauke Alƙur'ani...

Alhamis, 19 ga Yuni
Lami ta kawo min citta daga garinsu. "Maman Nafisat, kin rame fa." Na kasa haɗa ido da ita. Shekara goma sha biyu muna katanga ɗaya a unguwar Badarawa.

Asabar, 21 ga Yuni
Nafisat ta ɗauki wayar za ta duba min magani, ta gani.
"Umma, Anti Lami mai zuwa coci ce za ta yi sallah?"
Ta yi dariya, sai dariyar ta tsaya.
"Umma, tun yaushe?"
Wata biyu. Ban ci abincin rana ba.

Talata, 24 ga Yuni
Na je na roƙi Lami gafara. Ta ce, "Sunana kika ara? To ki ari ƙafata ma, ni zan raka ki."

Na sa an goge sunanta. Na'urar ta tambaya ko likita mace nake so, ta haɗa ni da Dakta Sadiya. Gobe za a yi gwaji a asibiti. Ina tsoro.

Da likitar ta ce wace ce marar lafiyar, na ce ni ce, Zuwaira. Sau ɗaya kawai ta ce in ɗaga murya.