Ƙwaya Biyu da Safe

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya ƙafar Inna? Ki gaishe ta, ki ce ina nan ƙalau, aiki ne kawai.

Har yanzu ina ɗakin wanki na otal ɗin nan, ina ninke zannuwan gado daga safe har yamma. Ke kaɗai kika san ina ɗauke da cutar ƙanjamau, kin kuma san giya ce take sa ni tsallake magani. To, wata uku ke nan da likita ta ƙara mini wata ƙwaya mai kashe sha'awar giya. Biyun nake haɗawa da safe, in kora da shayi.

Tana aiki, Yaya. Ranar albashi ƙafata ta kai ni shagon da na saba, mai shagon ya miƙo kwalba tun ban tambaya ba. Na kurɓa sau biyu, na ji kamar ruwan famfo, na ajiye na fito. Sai dai abinci ma haka nake jin sa, hira ma haka. Likita ta ce a hankali zai wuce.

Ki turo mini hoton autarki, in ga yadda ta girma.

Jiya sakamakon jinina ya fito. Ma'aikaciyar jinya ta ce cutar ta lafa sosai, har da tafa mini. Na yi godiya, na koma na ƙarasa ninkina. Don Allah ki yi murnar nan a madadina, ki rage mini kaɗan in tarar idan na dawo.

Allah Ya bar mu tare.

Ƙaninki.