Ranar da Aka Naɗa Sarkinmu

Zuwa ga matata Peirona,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Inna da yara. Ya tarin Inna? Ni dai ga ni, ƙafar nan ta hagu ba ta daina ciwo ba.

Saƙonki ya iso. Kin ce labari ya je garinmu wai duk sojojin sarki sun durƙusa a cocin Katolika, kuma in har da ni, kada in dawo gidanki. Maganar ta yi min zafi, amma ga yadda aka yi.

Gaskiya ne sarki ya bar addininmu na Furotesta ya koma Katolika don mutanen arewa su karɓe shi. Shekara goma sha bakwai ina bin sa, muna cin albasa da busasshen burodi tare, don haka raina ya ɓaci. Amma tun da ya yi hakan ba a ƙone gari ko ɗaya ba, wannan ba zan ɓoye ba.

Ranar naɗin na ƙi shiga coci, na tsaya a fili riƙe da dokinsa. Da aka kaɗa ƙararrawar da ke nuna limamin coci na tsarkake gurasar ibadarsu, dubban mutanen da ke filin suka durƙusa kamar yadda suka saba. Ni kaɗai na rage tsaye. Wata mata ta yi ihu, "Ga kafirin kudu can!" Na ga maza suna lalubar duwatsu.

Sai Mathurin, wani tsohon sojan Katolika da muka yi ta harbin juna shekarun baya, ya ɗaga murya daga inda yake durƙushe: "Kai, mahaukata! Dokin sarki ne a hannunsa! In ya kubce, ubanku zai kamo shi?" Mazan suka zubar da duwatsun. Sannan ya ce min ƙasa-ƙasa, "Riƙe da kyau, mai taurin kai, kada ka ba ni kunya."

Peirona, da sarki ya fito da kambi a kansa, yaron duwatsunmu da ya taso ba takalmi, na yi kuka ban ji kunya ba.

Gwiwata ba ta taɓa ƙasa ba. Amma na ci abinci a gidan Mathurin, har na ce amin da ya yi addu'a. In wannan ma ya isa a rufe min ƙofa, ki sanar da ni kafin in kama hanya, don tafiyar kwana talatin ce da wannan ƙafa.

Ki gaida kowa.

Mijinki,
Arnaut