Inna, Wa Zan Bar wa Garkar?

Assalamu alaikum, Inna.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan ƙasa ta yi miki sauƙi, ɗanki Laminu ne yake rubuto miki daga Jiratawa. Na san ba a aika wa mamaci takarda. Malam ya ce addu'a kaɗai ke isa can, kuma ina yi. Amma akwai maganar da ba ta shiga cikin addu'a, sai dai in zauna in yi miki ita kamar da, kina tsinkar zogale ina zuba. Masu leƙowa su karanta, ba komai, duk abin da zan faɗa sun riga sun ji shi a kasuwa har da ƙari. Su yi haƙuri da rubutun kawai. Kin san inda na tsaya a lakwal, makarantar boko: ranar da malaminmu, mushe, ya ce in zo allo, na zo, na wuce allon, na wuce ƙofa, ban koma ba.

Labarin gari, sojoji ne ke riƙe da ƙasa. Rediyo ta ce komai na tafiya daidai, sai dai sama ba ta sauraren rediyo. Geron da na shuka a gonar Tsibiri ya tsaya iya gwiwa, ya fid da kai kamar ɗan yatsa, ya bushe a tsaye. Abin da na ɗauko bai sa jaki ya yi nishi ba. Yanzu abin da ya tsaya tsakanin gidana da yunwa garkarki ce ta bakin gulbi: rijiya, zogale, albasa, ɗan tattasai.

Da kika kwanta ciwon ajali kin ce, "Laminu ya riƙe garka, shi wancan Allah ya ba shi kasuwa." Wancan ɗin, wato Yaya Alhaji, ɗanki na fari da ba ki taɓa kiran sunansa ba. Ba a raba gado ba, ba a kira kowa ba. Shaidata bakinki ne, bakin kuma ga inda yake.

To, ga maganar. Kin tuna 'yar ƙwayar da kika tarar a aljihuna kina wanki, na ce miki maganin ciwon baya ce? Kika ce, "Bayan nan naka kullum ciwo yake, sai ranar biki." Ba ƙarya na yi miki ba, a lokacin don bayan nake sha. Tiramol ce. Idi mai kafe, mai teburin shayi na bakin tasha, ya fara narka mini ɗaya a kofi, shekarar da nake jan guga da safe in yi kabu-kabu a Maraɗi da rana. Ɗayar ta kira 'yar'uwarta, 'yar'uwar ta zo da danginta. Bayan ya daɗe da warkewa, baƙin ba su tafi ba. Yanzu in ban sha ba hanci ya yi ta zuba, ƙashi ya yi ta ƙaiƙayi daga ciki inda farce ba ya kai, in yi ta hamma kamar an biya ni.

Rabi, surukarki, ta matsa sai da na je asibiti a Maraɗi. Likitar wata mace ce mai gilashi, ba ta dariya. Na ba ta labarin ban dariya uku, ko haƙori ba ta nuna ba. Ta ce kada in yanke sha rana ɗaya, jikina zai yi bore. Ta ce ana iya rage mini a hankali ina gida, amma ta tambaye ni daga ƙofata zuwa wurin mai sayarwa tafiyar me ce. Na ce mata in na yi atishawa yana ce mini yarhamukallahu. Ta ce to akwai wani wuri a Yamai da ake kwantar da irina a lura da su har jiki ya saki, in kuma na dawo in ci gaba da zuwa wurinta. Na ce har yaushe? Ta ce ba kwana biyu ba ne.

Na fito ina tunani, Inna. Me ya sa mace da ba ta san ni ba take son in yi nisa da garina?

Ban gama wannan tunanin ba sai ga saƙon Yaya Alhaji, wai in same shi gidansa a unguwar Zariya cikin Maraɗi. Kin san yadda nake zuwa gidan nan: a tsaye ake sallamata, daga bakin get. Ran nan har falo. Aka ce in hau kujera. Aka kawo lemo mai sanyi, aka buɗe mini da hannu. Ya ce, "Laminu, lafiyarka ta fi komai. Ka tafi Yamai, komai a wuyana. Garka kuwa kada ta dame ka, zan sa yarana su kula da ita." Inna, mutumin da bai taɓa tambayar ko rijiyar nan na da ruwa ba. Ban ma gaya masa maganar Yamai ba, wa ya kai masa?

Da zan fita sai na ga abin da ya hana ni sukuni. A gindin katanga, cikin inuwa, ga dashen mangwaro a jere cikin baƙaƙen ledoji, an ba su ruwa, suna sheƙi.

Ke kika koya mini wannan, ba mushe ba. Ranar da kika ba maƙwabcinmu Ɗan Tsoho aron gefen garka, kin tsaya kansa kin ce, "Ka shuka abin da za ka cire kafin shekara. Icce kuwa ko na sakace kada in gani." Kowa a nan ya san haka: mai aro ba ya dasa icce. Wanda ya dasa, icce ya kama, ya fara 'ya'ya, gobe in aka je gaban maigari sai a tambaya wa ya dasa wannan. Daga nan magana ta canja. To mutum ya ce in tafi inda ba a san ranar dawowata ba, ya ce zai riƙe mini garka, ga kuma mangwaro a leda yana jiran rami. Ko ni da na gudu daga allo na iya wannan lissafin.

Na koma gida na tarar Rabi ta wanke rigunana duka, har da ta Sallah, ta ninke su cikin jaka. Na ce wa ya ce miki zan tafi? Ta ce, "Malam, datti ne na gani na wanke." Shekara da shekaru dattin nan na nan, bai taɓa shiga jaka ba. Na fara kallonta ta wutsiyar ido. In ta yi waya sai in rage tari don in ji. Har tuwo na fara juyawa da yatsa kafin in ci, ban san me nake nema a ciki ba.

Mutum ɗaya ne ya goyi bayana a garin nan, Idi mai kafe. Ya ce, "Kai Laminu, shekarar yunwa magidanci ya bar gida? Sai a ce ka gudu ka bar mata da yara. Kuma an ce can ɗaure mutane ake yi. An ce sojojin hanya in sun ga idonka ja sai aski da kwalba." Na ce wa ya ce? Ya ce an dai ce. Yana faɗi yana motsa mini kofi. Na ji daɗin shawarar ƙwarai, har sai da na lura shi kaɗai ne zai yi asara in na warke. Sai shi ma na sa shi a layin waɗanda nake zargi. Kin ga ke nan babu wanda ya rage sai jakin, shi ma yana yi mini wani irin kallo.

Sai na yi dabara irin tawa. Na ce kafin wani ya dasa, ni zan dasa. Na samo dashen mangwaro a kasuwa, na ce zan zagaye garkar da shi a wuni ɗaya, duk wanda ya zo ya tarar da shaida a tsaye. Ƙasa ta yi tauri kamar siminti saboda fari. Aiki irin wannan yana son ƙarfi, ƙarfi kuma kin san inda nake sayensa. Na sha yadda na saba, na ƙara, da rana ta take na sake ƙarawa.

Abin da na sani, ina riƙe da haƙa. Abin da na sani kuma, ina kwance a bakin rijiya, ƙafa ɗaya a ciki, bakina duk jini na ciji harshe, Rabi ta riƙe ni ta wuyan riga tana kiran sunan Allah. Sun ce na sandare, na yi ta shure-shure. Da ba ta kawo mini fura a lokacin ba, da yau baki da baki nake ba ki wannan labarin. Dashen kuwa na kwanta a kansu, na murƙushe rabi. Mai kafa shaida ke nan.

Ko a nan ban saduda ba, Inna. Ina kwance ina jinya ina cewa a raina, ya aka yi ta zo daidai lokacin?

Takwararki ce ta karya ni. Autar gidana da na sa wa sunanki, wadda nake kira Uwata don bakina ba ya iya faɗin sunan. Ba ki gan ta ba, bayanki aka haife ta, amma goshinki ne sak. Ina zaune a zaure da hantsi na ji su suna wasa da ƙawayenta a bayan danga, sai na leƙa. Ta ce, "Ni ce Baba." Ta ɗauki kara ta yi kamar tana haƙa, ta faɗi ƙasa, ta juya ido, ta yi ta shure-shure. Sauran suka kewaye ta suna salati suna dariya. Ta tashi ta kakkaɓe zane ta ce, "Saura ke." Ashe tana bayan uwarta ranar, ita ta riƙo ludayi.

Ni da na ba garin nan dariya tun ina yaro, ban taɓa jin dariyar da ta yanke ni irin wannan ba. Kuma ta iya, Inna. Jinina ce, ta kwaikwaya daidai.

Na duba, na duba, ban ga wanda zan ce ya sa ta ba.

Zan tafi Yamai. Amma kada ki ɗauka na zama waliyyi. Ranar Juma'a bayan masallaci na tara maigari da liman da dattawan unguwa, na aika aka kira Yaya Alhaji. A gabansu na faɗi abin da kika faɗa kina kwance, na ce ya musa in zai musa. Ya ce haka ne, ya ji da kunnensa. Na ce to garka na bar ta a hannun Rabi har in dawo. Wanda zai taimaka da man injin ban-ruwa ko da hannu, Allah ya saka masa. Icce kuwa ko na sakace kada in dawo in gani. Liman ya sunkuyar da kai yana gyaran murya, na san dariya yake haɗiyewa.

Da aka watse Alhaji ya ja ni gefe ya ce, "Wai kai saboda mangwaron nan ne? Na gidan gonata ne na hanyar Tsibiri, sakarai." Ya kama kafaɗata, idonsa ya kawo ruwa. Wataƙila gaskiya ne. Wataƙila kuma ya iya kawo ruwa a ido, ɗan kasuwa ne. Na ce wa Rabi in ta ga leda baƙa ta tunkaro garka ta yi kururuwa. Ta ce, "Malam, ni na kai wa Alhaji maganar Yamai, kuma ni na haɗa jakar. In zargi ne ka yi shi a kaina, ka bar bawan Allah. Ka je ka dawo mini da mijina." Na ce to, ba gardama. Ki rubuta wannan a inda ake rubutawa, rana ta farko ke nan.

Saura abu ɗaya, shi ne ainihin abin da ya sa na zauna rubuta miki. Idi ya ce duk barkwancin nan nawa ƙwayar ce ke yi, wai in na bari zan dawo shiru kamar turmi. Na yi masa dariya, amma maganar ta zauna. Na daɗe ina sha har na manta yadda nake kafin nan. Rabi da ƙwayar kusan tare suka shigo gidana, ba za ta iya ba da shaida ba. Alhaji bai taɓa sauraren labarina ya kai ƙarshe ba. Ke kaɗai kika san ni tun babu komai a cikina sai kunu. Ke kika ce ranar da aka yi mini kaciya sai da wanzami ya ajiye aska don dariya. In gaskiya kika faɗa, to akwai wani Laminu a ƙarƙashin wannan, shi zan je nema. In kuma don ki faranta mini kika faɗa, Inna, kada ki gaya mini yanzu.

Ina jin tsoro. A hanyar Yamai ban taɓa wuce Konni ba. Ban san wanda zai riƙe ni ta wuyan riga a can ba.

Allah ya jiƙanki, ya haskaka makwancinki, ya haɗa ki da Baba a inuwar da ba ta gushewa. Allah ya saukar mana da ruwa, ya sa masu riƙe da ƙasa su tuna da masu riƙe da fartanya. Allah ya tsare rijiyarki kada ta ƙafe a hannun Rabi. In Yaya Alhaji da zuciya ɗaya ya yi, Allah ya yafe mini, ya ninka masa. In da biyu ya yi, Allah ya sa awaki su fi shi sauri ga dashen. Ni kuma Allah ya kai ni, ya sauƙaƙa mini kwanakin da jiki zai yi ta neman abin da ba za a ba shi ba, ya dawo da ni a kan ƙafafuna, takwararki ta sami wani abin kwaikwayo.

Motar safe zan shiga. Idi ya ce in biyo ya haɗa mini na hanya. Zan zagaya ta bayan masallaci.

Naki har kullum,
autanki Laminu, na garkar bakin gulbi.