Saƙo Tara da Ba Su Fita Ba

Zuwa ga ƙanena,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da matarka da yara. Ni jiki lafiya lau, rai ne a ɓace, kuma rabin laifin naka ne.

Tun ranar da ka zauna a kujerata ka ce za ka wanke mini kwamfuta ka zuba sabuwar manhaja, ban huta ba. Ina cikin rubutu sai allon ya koma shuɗi, ta ɗauke wuta, sai na zare wayar wuta na mayar. Kai malamin lissafi ne, wa ya aike ka? Karambanin akuya, gai da kura!

Sauran rabin na ɗan nan nawa ne mai aikin jirgin ruwa. Ka san can ba waya, sai imel. Mako uku ke nan ya rubuto yana neman gafara kan faɗan da muka yi, yana tambaya ko ya zo gida hutu. Nan take na amsa cewa na yafe, ya taho. Shiru. Na sake, shiru. Jiya na rubuta masa saƙo na tara, na ce tunda ya mai da ni abar wasa, kada ya kuskura ya tako mini gida.

Gobe zan kai ta wurin mai gyara na gaske.

Yayarka.

Zuwa ga ƙanena,

Ina gaishe ka, don an koya mana gaisuwa. Ina fata kana lafiya, ka ji aikinka.

Mai gyara ya ce manhajar da ka zuba rabi ce, ita ke kashe ta. Ya gyara wannan. Sannan ya nuna mini akwatin fita, saƙona tara na zaune a ciki, ko ɗaya bai tafi ba. Ashe hanyar shigowa kawai ka saita. Ka turo gwaji daga wayarka, ka ga ya iso, ka tafa hannu, ka cinye mini abinci ka tafi. Gurbin lambar sirri na hanyar fita fayau ka bar shi.

Da hannuna na sa lambar, don murna na manta abin da ke ciki. Ina kallo suka fita duka tara.

Saƙon da ke sama ɗan nawa ya fara buɗewa, wato na ƙarshe. Layi biyu ya amso: ya ji, ba zai dame ni ba, ya bar wa abokin aikinsa hutun. Yau da safe jirginsu ya bar tasha, sai bayan wata shida.

Ina so in ɗora maka duka, amma ba kai ka rubuta kalmomin nan ba. Tun jiya ban iya cin komai ba.

Kwamfutar yanzu garau take. Sau huɗu na rubuta masa yau cewa ya karanta daga ƙasa, kuma duk sun fita.

Ka gai da yara.

Yayarka.